Inna Biba, Wadda Ta Wanke Ƙasar Sittin

Shekara talatin cur, duk wanda ya yi sammako a garin Sittin ya san abin da zai fara gani. Da an fito sallar asuba, kafin a tayar da moter ɗin rijiya, injin da ke jan ruwa, Inna Biba ta riga ta ɗaura baƙin zanenta, ta rataya 'yar butar ruwa, ta kama bakin kanal, magudanar da ke kai ruwa gonaki, tana tafiya a hankali. In ta iso kan gona sai ta tsuguna, ta share saman ƙasa da gefen hannu, ta tsinci kaɗan da yatsu biyu ta ɗora a harshe. Ta rufe ido. Can sai ta tofar, ta kuskure baki, ta wuce gona ta gaba. Gona goma sha biyar take yi kowace safiya, layi guda ke nan, kwana huɗu ta zagaye garin ta sake farawa. In gona lafiyarta lau, ba ta cewa komai. In ta ji abin da ba ta so, sai ta kafa kara a bakin gonar ta ɗaura masa tsumma. Mai gona ya zo ya gani, ya san ƙasarsa na son wanka.

Mu da muka tashi a garin, abin dariya muka ɗauki wannan aiki. Muna hanyar lakwal, wato makaranta, mu hango ta tsugune, sai mu haɗa baki: "Mai cin ƙasa, da miya ko gaya?" Ba ta taɓa jifar kowa ba. Iyakarta ta ɗago ta ce, "Ku wuce, Mushe malaminku zai rufe ƙofa." Kuma ba mu muka ƙago sunan ba. A bakin manya muka tsince shi, manyan da alkamar da ke cikinsu albarkacin harshen matar nan suka ci ta. Bana har an yi niyyar raba ta da lambun da ta yi da hannunta, kuma maganar ba ta gama mutuwa ba. Shi ya sa ya kamata a faɗi abin da ta yi tun tana da rai, tana ji.

Ga wanda bai san Sittin ba, gari ne da gwamnati ta zana a takarda kafin a aza tubali ko ɗaya. Yana yamma da Agadas, in ka ratse daga hanyar Ingal. Bayan babban farin da ya kashe dabbobi aka gina shi: rijiya mai zurfi guda, kanal na sima, wato siminti, gida sittin a layi huɗu, gona sittin duk awo ɗaya. Yana da wani dogon suna na Faransanci a jikin allo, amma ba mai faɗarsa. Aka kwaso mutane daga ko'ina, Adarawa da suka zo neman aiki, mutanen cikin Agadas da sana'arsu ta mutu, da masu lambu daga wajen Iferwan. Aka zuba lambobi cikin hula kowa ya ja. Lambar da ka ja ita ce gidanka, ita ce gonarka, har ita ce sunanka. Mu yara ba mu cewa ɗan wane, sai dai ɗan Goma-sha-bakwai ya daki ɗan Talatin-da-biyu. Gidajen kuwa don kama da juna, akuya kanta takan shiga gidan maƙwabci ta kwanta da zuciya ɗaya. A tsakiyar gari akwai tsohon ƙarfen ƙafar mota a rataye. Duk sa'a guda a buga shi, a toshe ruwan wannan gona a buɗe wa ta gaba. Sa'a ɗaya ga kowa, ba ƙari ba ragi. Waɗanda suka zana garin sun ce wannan shi ne adalci.

Biba 'yar Tegidda ce, garin gishiri. Can Gambo ya aure ta, lokacin yana aikin ɗora kaya, kuma shi ya ja lamba sittin, gona ta ƙarshe a wutsiyar kanal. Maƙwabcinsu na Hamsin-da-tara shi ne Nomau, Ba'adare mai dogon baki, wanda har yanzu yana nan, ya tsufa amma bakin bai tsufa ba. Shi ya ji abin da Biba ta faɗa ranar da suka sauka daga kamiyo, babbar motar da ta kwaso su. Ta tsaya ta dubi gonakin nan a shimfiɗe kamar tabarmi, kowace an kewaye ta da gaɓa. Ta kamfaci ruwan kanal ta kurɓa. Sai ta juya ta ce wa mijinta, "Maigida, ka ce mini noma za mu yi. Wannan ai wurin yin gishiri ne."

Nomau ya ce har ƙasa ya zauna don dariya. Amma ita ta san abin da ta gani. A Tegidda haka ake yi: a gyara wuri shimfiɗaɗɗe marar zurfi, a kewaye shi, a zuba ruwa mai ɗan gishiri kaɗan kaɗan, a bar rana ta shanye ruwan, gishiri ya zauna. Ruwan rijiyar Sittin yana da gishirin da baƙo ba zai ji ba. Sa'a ɗaya kuwa ta isa jiƙa ƙasa, ba ta isa wanke ta ba. Kowace rana ruwa ya tashi, gishiri ya rage. A taswira akwai wani babban lambatu da aka zana a gabashin gari don ya kwashe ruwan da ya wuce. An zana shi da shuɗin alƙalami, kyakkyawa. Ba a taɓa haƙa shi ba.

Shekara shida aka yi ana murna. Alkama ta kai ƙugu, baƙi suka yi ta zuwa da motoci suna ɗaukar hoto. A ta bakwai sai wani fari ya fara fitowa a gefen gonaki kamar an barbaɗa gari. Albasa ta ja baki, alkama ta tsaya a tsawon yatsa. Kafin nan furoje, wato shirin da ya kafa garin, ya ƙare, masu motoci sun tattara sun tafi, sun bar malamin gona guda, Mushe Illiya, da babur ɗin da ba mai. Wasu suka ce ciwo ne, wasu suka ce an yi wa garin baki. Gida goma sha ɗaya aka rufe, masu su suka koma Agadas. A wannan shekarar ce ciwon ƙirji ya ɗauke Gambo.

To, a nan ne abin da ba ya gogewa a zuciya. Dokar koperatif, ƙungiyar manoman garin, ta ce gonar da ba namijin da zai noma ta sai ta koma hannun komite. 'Ya'yan Biba biyu ne, Halima da Ramata, ƙanana, kuma doka ba ta ƙidaya su. Tana fita takaba aka karɓe gona ta sittin aka ba wani saurayi, Inoussa, da ke jiran a samu gurbi. Gidan ma da an karɓe, sai da Nomau ya zauna a ƙofar ya ce sai dai a ɗauke shi tare da ƙyauren. Da wata macen ce, da ta tattara 'ya'yanta ta koma garinsu, ta bar masu doka su ci dokarsu da farin gari. Wa zai ga laifinta?

Ita sai ta tafi wurin Mushe Illiya. Shi da bakinsa ya ba da labarin, yana nan Agadas yanzu, ido ya yi rauni.

"Mushe, ƙasar nan ba ta mutu ba. Wanka take so."

"Wanka kuma? Ke ina kika yi karatun gona?"

"Ban yi ba. Gishiri na sani. Tun ban kai ɗaura zane ba nake raba shi da ƙasa. Ku haɗa ruwan gona huɗu ku ba gona ɗaya yini guda, a buɗe mata hanya ta ƙasa ya fita."

"Doka ta ce sa'a ɗaya."

"To doka ta zo ta ci albasar."

 Mushe Illiya ya ce ya san maganar wanke ƙasa, an koya musu a makaranta, amma bai san gonar da ke so da wadda ba ta so ba, don abin awon ya tafi tare da motoci. Ta ce masa abin awo na bakinta.

Da gonar Nomau aka gwada, don shi ya ce ba abin da ya rage masa a ciki sai sunan. Suka kankare farin da ke sama, suka haƙa 'yar hanya da kalme, maƙwabta uku suka yarda da ƙyar suka ba da ruwansu. Gona ta cika taf, aka bar ta ta sha, aka sake ta. Biba ta ɗanɗana ta ce a sake. Sau uku. Damanar albasa ta gaba, a duk Sittin gonar Nomau ce kawai kore. Ba wanda ya zo ya ce mata ta yi gaskiya. Sai dai aka wayi gari kowa na aiko matarsa: a ce wa Biba ta biyo ta gonarmu. Rani biyu mutanen gari suka yi suna haƙa lambatun nan na taswira da hannunsu, ita ke nuna inda zai gangara. Daga nan aka shigo da ranar wanka cikin tsarin ruwa, kuma har yau da ita garin ke tsaye. Bakwai daga cikin gidajen da aka rufe suka sake buɗewa.

Mushe Illiya ya rubuta rahoto ya sa sunanta. A biro, ofishin manyansa, aka cire. Suka ce masa ba a rubuta harshen mace a cikin rahoton aiki. Da takardar yabo ta zo, sunan koperatif ke jiki, tana nan rataye a rumfa, ƙuda sun ɓata ta. A yi wa Allah, wane koperatif ne ya taɓa sa ƙasa a baki?

Lada kuwa, abin da komite ya yanka mata shi ne ragowar ruwan kanal na ranar Juma'a, bayan an buga ƙarfen ƙarshe. Ruwa ba gona. Amma farin da ake kankarewa daga gonaki, bayan lambatu ake kai shi a jibge, har ya zama tudu, ko ciyawa ba ta fitowa a kusa. Biba ta ce a ba ta tudun. Aka yi dariya aka ce ta ɗauka, in tana so ta haɗa da ƙudan wurin. Ta haƙa ramuka irin na garinsu. Ta zuba ƙasar kwando kwando, ta sa ruwan Juma'a, ta shiga da ƙafa ta tattake, ta tsiyaye ruwan gishirin ta shanya. Gishirin ta dunƙula, makiyaya su karɓa don dabbobi su ba ta nono da taki. Ƙasar da ta wanku ta baza ta a gefe, ta cakuɗa da kashin awaki. Mun ga ƙafafunta, duk sun tsage kamar bakin tafki da rani. Shekara goma tana wannan kafin wurin ya kai a kira shi lambu. Yau akwai rumman bakwai a ciki, dabino uku, lalle, da kwamin albasa da tafarnuwa. Da shi ta ciyar da 'ya'yanta har ta aurar da su. Ba gonar da ke Sittin wadda ba ta da ƙasa a lambun nan, kuma duk shara ce masu ita suka zubar.

Aikin harshen nan ba ƙaramin abu ba ne. Fari iri biyu ne, ido ba ya raba su. Akwai gishiri, wanda ruwa ke kora. Akwai kanwa, wadda in ka cika mata ruwa sai ƙasa ta toshe kamar daɓe, ka yi asarar ruwan gona huɗu, ita taki da yashi da ƙaiƙayi take so tukuna. Kuskure ɗaya, gida huɗu sun yi ƙishin banza. Cikin shekara talatin ba wanda zai nuna gonar da Biba ta sa aka wanke a banza.

Akwai shekarar da moter ya lalace, aka yi wata biyu ana lallaɓa shi, ruwan wanka bai fi na gona uku ba. Ranar nan kowa ya tuna Biba 'yar'uwarsa ce. Masu aiko shayi, masu aiko sukari, har wanda ya shekara bai gaishe ta ba ya zo tambayar ƙafa. Ta mayar wa kowa abinsa. Ta yi zagayenta, kuma kara na farko a bakin gona ta sittin ta kafa shi, gonar Inoussa. Nomau ya tare ta a kan kanal, rawani na warwarewa.

"Ke Ta-Tegidda, mi ke damunki? Wanda ya zauna kan gonar mijinki shi za ki fara ba? Ni da na tsare miki gida hwa?"

"Taka za ta kai wata biyu, Ba'adare. Tasa ba za ta kai ba."

"To ta mutu mana!"

"Ƙasar me ta yi mini? Gumin baban su Halima na cikinta."

Nomau ya ce kwana uku bai yi mata magana ba, ran na huɗu yunwar hira ta kai shi.

Inna Biba, ke ce aka karɓe wa gona kika raya gonakin waɗanda suka karɓe. Ke ce kika ɗauki abin da gari ya zubar kika fitar da rumman a cikinsa. Mun kira ki mai cin ƙasa, kuma gaskiya ne kin ci, kin ci ɗacin gona sittin don mu ci daɗinsu. Ba ki da lamba a garin da kowa lamba ne, amma ba lambar da ba ta bi ta kan harshenki ba.

Bara da sanyi ta zuba sukari a shayi ta kurɓa, ta ji ruwan zafi kawai. Ta ƙara, haka. Ta lashi gishiri, ba komai. Halima ta kai ta gidan likita a Agadas, lokotoro ya duba ya ce harshen ya gaji, ba maganin da zai dawo da shi. Da ta so, da ta ci gaba da tsugunawa tana kafa kara inda ta ga dama, wa zai gane? Da ruwanta na Juma'a ya ci gaba da zuwa. A makon nan ta je gaban komite ta ce, "Harshena ya mutu. Kada ku ƙara dogara da ni, ku nemi dabara." Aka ce Allah ya sawwaƙe. Shi ke nan. Ba taro, ba addu'a, ko goro ba a raba ba. Mai moter da ya yi shekara takwas, da zai tafi rago aka yanka masa.

Sai ga sabon furoje bana. Za a jera fayafayan nan masu kama hasken rana, da muke ce wa fanno, don a huta da sayen gazuwal, man da moter ke sha. Abu mai kyau, ba wanda ya ƙi. Ana son fili. Masu awo suka buɗe tsohuwar taswira, suka ga bayan lambatu fari fat, ba a zana komai ba. Komite ya raka su. Inoussa, wanda yanzu shi ne shugaban koperatif, Furzida muke ce masa, yana gaba. Biba ta fito da safe ta tarar da turaku masu jan fenti kewaye da lambunta, ɗaya a gindin rumman. Ba wanda ya ƙwanƙwasa mata ƙofa ya gaya mata. Ta tsaya ta dube su, ta kewaye su, ta shiga ta yi ban ruwanta.

Nomau ne ya bi gida gida da sandarsa har aka kira taro. Ran Alhamis bayan la'asar, a rumfar koperatif, maza a gaba mata a baya, da ma'aikaciyar furoje, Madam Zeinabou, a kan kujera da takardunta. Furzida ya gyara murya.

"Jama'a, ba wanda ya ƙi Inna Biba. Amma a faɗi gaskiya, wurin nan aro aka ba ta saboda aiki, aiki kuwa ya tsaya. In ma ƙasa ake magana, ƙasar lambun nan daga gonakinmu aka kwaso ta. Ta koperatif ce."

"Aro?" in ji Nomau. "Ni na ga jakinka yana kai ta, kana bayansa kana kakkaɓe riga. Haka ake ba da aro a gidanku?"

Aka kwashe da dariya. Sai Biba ta dafa kafaɗar ta kusa da ita ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa ɗagawa ba.

"Furzida ya yi gaskiya, ƙasarku ce. Kowa ya kawo jakinsa ya ɗebi tasa. Sai dai ni ba na mayar da kayan aro ba yadda aka ba ni ba. Ku ba ni kwana uku in zuba mata gishirinta, sannan ku kwashe ku mayar gonakinku."

 Sai Mariya, matar Furzida, ta taso daga bayan mata da tasa a hannu, ta ratsa maza ta ajiye ta a gaban mijinta. Ƙasa ce a ciki.

"Malam, daga gonarmu na ɗebo ɗazu. Albasa ta fara jan baki, kai ma ka gani. Ɗanɗana."

"A gaban mutane?"

"Ita a ɓoye ta shekara talatin tana yi?"

Ya duba dama ya duba hagu, ba wanda ya cece shi. Ya tsinta ya sa a baki, ya yamutsa fuska ya tofar. Sai sabo ya riga shi, ya juya wajen mata ya ce, "Inna, wannan gishiri ne ko kanwa?"

"Ni kake tambaya, da aikina ya tsaya? Naka harshen yana bakinka."

Bai sani ba. Tasa ta bi hannu hannu, dattawan da suka shekara talatin suna ganin kara a bakin gonarsu, ba wanda ya iya faɗa. Nomau kansa ya tauna ya tauna ya ce, "Ni dai wallahi ƙasa na ji." Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Abin kunya ne ya sauko wa kowa: ilimin da garin ke tsaye a kansa yana bakin mace ɗaya, kuma saboda mun mai da shi abin tsokana, ba wanda ya taɓa tsugunawa kusa da ita ya ce koya mini.

Madam Zeinabou ta ce ita tana da na'urar awo, amma tare da ita take komawa, kuma sau biyu a shekara take zuwa. Ta ce ita turaku inda aka nuna mata ta kafa, ga wani fili ma a taswira, na tarbar baƙi, ya fi kusa da rijiya.

"In manya suka zo a ina za mu tarbe su?" in ji Furzida.

"Yaushe rabon da su zo?" in ji Nomau. "In sun zo mu kai su inuwar rumman. Wancan filin ko kaza ba ta tsayawa cikinsa da rana."

Aka ce duk mai son a mayar da turakun filin baƙi ya ɗaga hannu. Hannaye suka tashi, har na matan da doka ba ta ƙidayawa. A faɗi alherin mutum: washegari Inoussa da kansa ya je ya tuge turakun nan, ya ɗora a jakinsa ya kai filin baƙi. Fanno na can yanzu suna aiki.

Amma kada mai karatu ya saki numfashi tukuna. Da Nomau ya ce a rubuta lambun a littafin koperatif, gona ta sittin da ɗaya, da sunan Biba, sai aka ce wannan ya fi ƙarfin komite, sai an aika Agadas. An aika, in ji su. Wata huɗu ke nan. A taswira har gobe wurin nan fari ne, ba kowa, ba komai. Wani furoje zai zo, wani mai awo zai buɗe takardar nan, kuma ba kullum Nomau zai kasance da rai da sandarsa ba. Garin da aka zana gida sittin a yini ɗaya, layi ɗaya ya gagare shi? Masu komite, kun san hanyar Agadas, kuna zuwa sayar da albasa duk mako. Ku bi takardar nan da ƙafa. Ku rubuta ta tun tana iya ganin rubutun.

Yanzu ba ta zagaye. Da safe takan shimfiɗa buzu a gindin rumman, mutane su zo da ƙasar gonarsu a ƙulle cikin tsumma. Ba yara ba, manya masu furfura. Kowa ya sa tasa a baki ya faɗa mata abin da ya ji. Wanda ya ce tana cizon gefen harshe, ta ce gishiri ne, a shirya wanka. Wanda ya ce santsi kamar sabulu da ɗaci daga baya, ta ce kanwa ce, a nemo taki. Mariya ta fi kowa kamawa, har ta fara kafa kara da kanta. Furzida ma yakan zo, a makare, ya tsaya daga baya kamar wucewa yake. Duk mai gona a Sittin da bai zo ya tsuguna a wurin nan ba tukuna, ya zo. Ƙasa ba ta kashe Inna Biba ba, ba za ta kashe ka ba. Kuma duk garin da ke da irin tata, wadda ake yi wa dariya ana cin guminta, a je a zauna kusa da ita tun bakinta na magana.

Inna, mun gode. Mu da muka yi miki waƙa a hanyar lakwal, ki yafe mana, ba mu san da me aka yi tuwon da ke cikinmu ba. Allah ya saka miki, ya jiƙan baban su Halima, ya nuna miki sunanki a littafin nan.

Ran Juma'ar da ta wuce rumman na farko ya fashe a kan reshe. Ta tsinko shi ta ɓare, ta raba wa waɗanda ke zaune, ta jefa 'ya'ya biyu a bakinta ta tauna a hankali, ido a rufe, yadda take yi a bakin gona. Sannan ta buɗe ido ta dubi Nomau.

"Ba'adare, faɗa mini gaskiya. Da zaƙi?"

Nomau, wanda bai taɓa rasa magana ba, kai kawai ya gyaɗa.